Zuwa ga makanikan Mainika: tef kafin sifana

'Yan'uwana masu sana'a, iyayen gareji da yaranku, daga Mainika zuwa cikin Gwarzo, Getso, Kutama da Lakwaya, har Kabo da Garo.

Kun san yadda abin yake. Da Sallah, ko ɗaurin aure, ko ta'aziyyar wani babba, ko kakar siyasa, sai manyan jif-jif su baro kwaltar Kano zuwa Gwarzo su gangaro burjinmu. Kafin a watse direba ya lallaɓo gareji yana raɗa: "Oga, don Allah zo ka duba, motar Alhaji ta kwanta gefe guda." Ka je ka tarar da mota mai jan taya huɗu, irin wadda ake danna maɓalli ta tashi ta sauka, ta karkace kamar jakin da aka yi wa mangala ba daidai ba. Jama'a na kallo, direba na gumi, kai kuma kunya ba za ta bar ka ka ce ba ka san ta ba. A irin wannan lokaci ne hannu ke rigan kai zuwa akwatin kaya, kuma a kansa nake so mu yi magana.

Bari in fara da tonon asirin kaina. Ni a kan Fijo 404 da 504 na koyi aiki, zamanin da ake haɗa Fijo a Kaduna tana ko'ina. Akori-kura in ta karkata ka san ganyen sifirin ya karye ko ya gaji, ba wani dogon nazari. Da wannan ilimin na tarbi wata jif da aka kawo mini shekarun baya, gabanta na hagu ya duƙa. Na shiga ƙarƙashi a gindin darbejiyar da nake aiki, na kama kusar toshin-ba, sandar ƙarfen nan da ke ɗauke da gaban mota, na yi ta ɗaurewa ina fitowa ina hange har ta yi wa idona daidai. Aka biya ni, aka yi godiya. Kwana biyu direba ya dawo fuska a ɗaure: a kan kwalta motar ta koma karkata dama, sitiyari yana fizga. Sai a ranar na tsuguna na karanta jikin tayoyin. Uku 265/70 R17, ta gaban hagu 265/65 R17, wadda aka saka musu a hanya da suka yi faci. Tsakanin waɗannan biyun akwai kusan milimita 13 a tsayin gefen taya. Ga kuma filin garejina da ke gangarawa. Mota lafiyarta lau, ni na ɗora mata ciwo. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ana cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan aikin ku riƙe rabin farko na maganar, ku bar sauran ga masu awon hatsi. Ku nemi daɓen siminti mai shimfiɗa, ko na gidan mai ne. In kuna shakkar daɓen, ku aro tiyon ruwan nan mai haske da magina ke daidaita gini da shi. A sauke kaya kakaf. Buhun masara ɗaya da aka jingine a gefen but ya isa ya sa ku zargi sifirin da bai yi laifi ba, kuma tankin Land Cruiser mai lita 96 in ya cika nauyinsa ya kai na babban mutum. A daidaita iskar taya huɗu, a karanta lambarsu. A tayar da inji, a sa tsayi a matsakaici, a ɗan gangara gaba da baya don ƙafafu su zauna. Sannan a ɗauko tef, a auna daga tsakiyar cibiyar wili zuwa leɓen bodi da ke saman taya, ba daga ƙasa ba, domin awo daga ƙasa yana haɗawa da ƙaryar taya. A rubuta lambobi huɗun ko a jikin kwali ne. Ni dai in bambancin hagu da dama bai wuce milimita 10 ba, sai in ce wa direba ya gaida Alhaji. Gaba da baya kuwa dama ba ɗaya suke ba, yawancinsu an ƙera su baya ya ɗan fi tashi saboda kaya.

In awo ya tabbatar da karkata, tambaya ta gaba ita ce me ke ɗauke da motar, domin ba duk mai maɓalli ce jinsi ɗaya ba. Range Rover ta fara hawa balan iska tun 1992, Discovery 3 ta biyo a 2004. Wasu Prado na samfurin 2002 da ƙanwarsu Lexus GX470 balan na baya kaɗai gare su, gaba sifirin ne. Lexus LX470 da wasu Land Cruiser da suka fito daga 1998 kuwa mai ne ke ɗaga su, tsarin da ake kira AHC. Wanda ya yi wa ɗaya maganin ɗaya ya sha kunya.

Mai iska ta fi saurin faɗin damuwarta in ka iya tambaya. Ka ɗaga ta, ka auna, ka zare fis ɗin tsarin don kada ta yi ta gyara kanta da dare, ka bar ta ta kwana. Da asuba ka sake aunawa. Kusurwar da ta zauna ita ke yoyo. Ka kaɗa ruwan omo ka watsa wa balan, musamman wurin da robar ke naɗewa a ƙasa, nan take tsattsagewa, sannan bakin tiyo da mahaɗar bawul. Kumfa ba ta ƙarya. Wani yoyon ba ya bayyana sai a tsayi guda, don haka ka gwada ta sama, ka gwada ta ƙasa. Kada kuma ku yarda a ce kwamfuresa ce ta mutu a canza ta kawai a tafi. Me ya kashe ta? Balan da ke zuba ne ya hana ta hutu har ta ƙone, ga ƙurar hunturu a matacinta, ga laimar damina da ta jiƙa ƙwayoyin busar da iska. Ka saka sabuwa a kan tsohon yoyo, kafin kaka ta bi 'yar'uwarta. Balan kuwa bibbiyu ake canza su, hagu da dama, don shekarunsu ɗaya.

In ta kwana ba ta sauka ba amma tana tashi a karkace, to ku leƙa sansa. Wata 'yar na'ura ce mai siririn hannu da ke haɗe da ƙafar mota, ita ke gaya wa kwamfuta tsayin kowane ɓangare, kwamfuta kuma ba ta musu da ita. Kututturen dawa, kunyar gona da direba ya haura yana kauce wa taɓo, laka da ta bushe a gaɓar hannun, waya da ruwa ya ci, kowanne na iya sa ta yi shaidar zur. Na sha ganin jif da aka yi wa kuɗin balan, ashe hannun nan ne ya lanƙwashe, abin da bai kai tsawon yatsa biyu ba. Ku wanke, ku kwatanta na hagu da na dama. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a lanƙwasa lafiyayyen hannu ko a zame shi don mota ta miƙe a ido alhali ciwon na wani wuri. A Land Rover ma in an canza sansa sai an saita tsayi da kwamfuta, wannan kuma aikin Kano ne, ba abin kunya ba ne ka faɗa.

Mai AHC ita ce ke ruɗa gwanaye. In tana tsaye ko tana tafiya a miƙe, man hagu da na dama a haɗe suke, saboda haka tsarin ba ya iya gyara karkatar gefe, kuma taɓa sansa ba zai gyara ta ba. A nan ne kaɗai nake ba ku izinin kama toshin-ba, bayan awo: ka ɗaure ɓangaren da ya sauka, ka sassauta wanda ya tashi daidai gwargwado, rabin zagaye rabin zagaye, kana sa alli a kan kusa, kana gangara mota kana sake aunawa. In ka ɗaure duka biyu don ta yi tsayi ba za ta ƙara ko taki ɗaya ba, sansa za ta mayar da ita inda take, sai dai ka canza rabon nauyi tsakanin ƙarfe da mai. Matsin gaba ana so ya tsaya wajen megafaskal 6.9, kuma kwamfuta ke karanta shi. Amma akwai gwajin da ba ya bukatar komai sai ido. Ka sauke ta ƙasa, ka duba man a tankinsa mai zane-zane, ka ɗaga ta ƙoli, ka ƙirga layukan da man ya sauka. Sababbin tulunan gas da ke kowace ƙafa kan ba da wajen 14. In ya gaza 7 sun gaji, shi ya sa motar ke tsalle kamar amalanke. Don Allah kada a zuba mata man birki ko na giya, nata daban ne, kuma man birki yana cinye robobin ciki. Direban da ya zo yana ƙarar cewa ya ɗaga ta amma da ya ɗan taka sai ta sauka, ku kwantar masa da hankali, haka aka yi ta, tana wuce gudun kilomita 30 take komawa matsakaici.

Wasu Land Cruiser da Prado na baya-bayan nan suna da KDSS, tsarin mai da ke riƙe da sandunan hana tangaɗi, shi ma yana kawo karkata. Akwai matsi mai haɗari a cikinsa. Wanda bai koya ba ya cire hannunsa.

Za a tambaye ku batun cire balan a saka sifirin na ƙarfe. Ni ba na ganin laifinsa ga motar da rayuwarta ta dawo ƙauye, mai ita kuma ba zai iya zaryar kasuwar Ƙofar Ruwa neman balan Beljiyam da ba a san shekarunsa ba. Sharaɗi dai a gaya masa gaskiya cewa laushi zai ragu, maɓalli ya zama ado, a kuma nemo sifirin da aka yi don nauyin wannan motar, ba wanda ya shiga ramin kawai ba. In kuwa komai ya fito lafiya amma tana nan a karkace, ku ja igiya daga kusurwar casis zuwa kishiyarta, ku ja ta ɗaya gicciyen. Tokumbo da yawa sun sha karo kafin su hau jirgin ruwa, fenti ya rufe. Duk kuma motar da kuka taɓa tsayinta, ku tura ta alaimen, in ba haka ba tayoyin gaba za su cinye ta gefe.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi hana ni barci, kuma da yaran gareji nake. Motar iska ba ta mutu don an zare makulli ba. Wasu Range Rover kan farka da kansu su saki iska su daidaita, tiyo ɗaya kuma in ya fita, nauyin da ya haura tan biyu yana saukowa kafin ka ja numfashi. Kada ɗayanku ya sa kai ko hannu tsakanin taya da bodi, kada ya kwanta a ƙasa sai an kashe tsarin, an tokare casis da ƙarfe ko kututture mai ƙwari. Jak kaɗai ba tokari ba ne, bulon siminti ma ba tokari ba ne, dagargajewa yake. Ogan da ya ce maka "shiga kawai, minti ɗaya ne", ka ce masa ya yi haƙuri, ka je ka ɗauko kututturen.

Wassalam. Naku, tsohon abokin sana'a.