Bindigar da Ba Wanda Ya Gwada

A Amurka akwai maharba masu sake ɗura kwanson harsashi da kansu. Suna tafka gardama kan zoben ƙarfen da ake matse wuyan kwanson da shi, don ya riƙe ƙwayar harsashi daidai. Bambancin da suke jayayya a kai kashi 1 ne ko 2 cikin 1,000 na inci, bai kai kaurin silin gashi ba. In riƙon ya yi sako-sako, ƙwaya ta motsa; in ya saɓa daga wannan harsashi zuwa wancan, harbi ya warwatsu.

A ƙasar Yauri kuwa, ɗan banga mai gadin ƙauye a Ngaski ko Shanga yana ɗura bindigar toka ne da kintace. Ido ke auna albarushi, maƙeri ya haɗa bututun, babu wanda ya gwada iyakar ƙarfinsa. Ranar da awo ya zarce, bututu ya fashe a hannun mai shi. Da irin wannan makami ake son talaka ya tari masu AK-47, a yankin da 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni, 2021.

Masu ɗora laifin a kan jahilcin maƙera sun kauce hanya. Bindigogin Ingila ma sun sha fashewa, sai aka kafa gidan gwajin bindiga na Birmingham a 1813: a ɗura wa bututu abin da ya fi kima, in ya jure a buga masa hatimi. Doka ce ta gyara sana'ar.

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta san da bindigar toka, har ta ware mata rukuni. Amma hukuma na cin tudu biyu: yau ta kama maƙeri, gobe ta yaba wa ɗan bangan da ke saɓe da aikinsa.

Wasu za su ce gwaji da rajista halatta yaɗuwar makamai ne. Ai makaman sun riga sun yaɗu, kuma bindigar da aka rubuta sunan mai ita ta fi sauƙin bibiya. Gwamnatin Kebbi da Masarautar Yauri su zaɓi ɗaya: ko su kawo tsaron da zai sa ɗan banga ya koma gona, ko su tabbatar bindigar da ke hannunsa ba za ta cinye masa yatsu ba.