Direba Na Gyangyaɗi, Ɗan Sanda Na Ƙirga Canji

A ranar 31 ga Mayu, 2025, motar da ta ɗauko 'yan wasan Kano daga gasar wasanni ta ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin gadar Ciromawa, a hanyar Zariya zuwa Kano. Mutum 22 suka rasu, gida ya rage 'yan kilomitoci. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato Rod Sefti, ta danganta abin da gajiya da gudun wuce sa'a bayan tafiyar dare. To, daga Abeokuta zuwa Ciromawa shinge nawa ne? Wa ya leƙa idon direban?

Duk wanda ke hawa motar haya ya san yadda ake yi a shinge. Direba ya rage gudu, ya miƙa hannu ta taga, a karɓa, a ɗaga masa hannu. Ba a tambayar ƙarfe nawa ya tashi, ba a duba birki, ba a kallon tayar da ta suɗe. Idon mutum ya yi jajir saboda tiramol, ko tirela ta ɗora mutane a kan buhunan albasa, duk na goro ya wanke. Tun 2012 Sufeto Janar Mohammed Abubakar ya ba da umarnin a kwashe shingaye daga manyan hanyoyi. Sun dawo, kuma da halinsu suka dawo.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne amsar da fasinja ke samu idan ya yi ƙarfin hali ya ce wa ɗan sanda, "Yallaɓai, direban nan barci yake ji." Sai a ce masa wannan aikin 'yan Rod Sefti ne, ko a tambaye shi ko shi likita ne. Wani ma cewa zai yi, "Malam, in ba ka yarda da shi ba ka sauka." A sauka a ina, a tsakiyar daji ƙarfe biyun dare? Mota na tashi kuma direba ya huce a kansa, sauran fasinjoji su taya shi da cewa ya cika tsoro, rai a hannun Allah yake. Haka ne. Sitiyari kuwa a hannun direba yake.

Kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988 bai cire wa ɗan sanda ikon tsayar da direban da ke tuƙin ganganci ba. Ikon da yake tsare mota da shi saboda takarda ta ƙare, da shi zai ajiye wanda ke layi a bakin titi har ya farfaɗo. Ba a yi ne saboda ajiye direba wahala ce, karɓar ɗari biyu kuwa ba ta cin minti ɗaya.

A rubuta ƙorafin fasinja a littafi, da lambar mota da sunan jami'in da aka faɗa wa. Idan motar ta kife a gaba, a fara kiran wannan jami'in ya yi bayani kafin a je gidan gaisuwa.