Darasin da Ke Ƙarƙashin Dukan Darussan Kwamfuta

Ya ku iyaye masu karatu, duk wanda ɗansa ko ɗiyarsa ke karatun ilimin kwamfuta a jami'a, zai ga wani darasi a takardar sakamako wanda a Faransanci ake kira système d'exploitation, wato babbar manhajar da ke gudanar da na'ura. Da yawa daga cikinmu sun ɗauka koyon aiki da Windows ne: buɗe takarda, buga rubutu, adanawa. Wannan kuwa ana koyon sa cikin makonni kaɗan a shagon buga takardu. Abin da jami'a ke koyarwa shi ne yadda aka ƙera manhajar ita kanta.

Wannan manhaja ita ce ke tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji. Idan wayarka na fitar da sauti, saƙo na shigowa, kai kuma kana rubutu, ita ce ke raba musu lokacin ƙwaƙwalwar lissafi, kowane aiki ya samu ɗan guntun daƙiƙa, har ka zaci a tare suke gudana. Ita ce ke yanka wa kowace manhaja rabonta a ma'ajiya, ta hana wata shiga gonar wata. Ita ce kuma ke tsara fayiloli da tantance wanda ke da izinin buɗe su. Ɗalibi zai koyi ma yadda ayyuka biyu kan cije, kowanne ya riƙe abin da ɗayan ke jira, kamar manyan motoci biyu da suka yi kiciɓis a kan siririyar gada. Masani Edsger Dijkstra na ƙasar Holan ya tsara misalin wannan matsala ga ɗalibansa tun a 1965, kuma har yau ana koyar da ita.

Tarihin fannin ya nuna darajar ajin jami'a. A 1969, Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ƙera Unix a cibiyar binciken Bell ta Amurka. A 1987, Farfesa Andrew Tanenbaum na wata jami'a a Amsterdam ya fitar da MINIX, ƙaramar manhaja da ya rubuta domin ɗalibai su iya karanta cikinta layi bayan layi. Wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a Finland, Linus Torvalds, ya yi nazarin ta, sannan a 1991, yana da shekara 21, ya fara rubuta tasa, wadda ta zama Linux. A kan zuciyar Linux aka gina Android, wadda wayarta ta farko ta fito a 2008. Ke nan wayar da ke aljihun yawancinmu tana da tushe a ɗakin wani ɗalibi.

To, me ake buƙata daga gida? Na farko, haƙuri. Darasin na da wuya: yana buƙatar lissafi, da harshen C na rubuta manhaja, da Turancin Ingilishi, domin yawancin bayanan asali da shi aka rubuta su. Yaro na iya kwana uku yana farautar kuskure guda a cikin aikinsa. Kada a ce da shi yana ɓata lokaci, kada kuma a auna iliminsa da iya gyaran wayar maƙwabta. Na biyu, kada a ci bashi don sayen kwamfuta mai tsada. Linux kyauta ce, tana aiki a kan tsohuwar na'ura mai lafiya, kuma an halatta wa kowa ya karanta cikinta ya sauya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne na'urar ta zama tasa, wadda zai iya kwancewa ya sake ɗaurawa ba tare da fargaba ba, da kuma batir mai riƙe caji saboda ɗaukewar wuta.

Ku kuma ɗalibai, kada ku tsaya ga haddace takardun malami don cin jarrabawa. Bankuna, asibitoci da kamfanonin sadarwa suna dogara ne da manyan na'urori masu buƙatar wanda ya san cikinsu. Muddin ba mu da irin waɗannan masana a gida, za mu ci gaba da biyan wasu daga waje duk ranar da na'ura ta tsaya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.