Keken Tsere Ma Sai Da Awo

A Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, ba a sayar wa mahayi kayan doki da ka. Baduku zai tambayi girman dokin, ya dubi tsayin mai shi. Igiyar likkafa kuwa sai an hau an gwada, a rage ko a ƙara, domin wanda ta yi wa tsawo ba ya jin daɗin sukuwa ranar Hawan Daushe. Tela ma ba ya sa wa shadda almakashi sai ya auna kafaɗa.

Amma ɗan wannan birni, likita ko ma'aikacin banki, sai ya zuba maƙudan kuɗi ya sayi keken tsere, a fito da shi daga kwali, a ɗaure sirdi inda ido ya raya, ya haye. In aka ce ya nemi gwani ya daidaita masa keken da jikinsa, sai ya ce wannan iyayin Turawa ne. Hujjarsa ba ta wuce ɗaya: kakanni sun taka Raleigh daga ƙauye zuwa Kano, wa ya auna su?

Hujjar ba ta da tushe. Mai Raleigh a miƙe yake zaune, tafiyarsa a hankali, tafin ƙafarsa na yawo a kan feda yadda ya so, jiki na gyara wa kansa zama. Keken tsere kuwa yana sunkuyar da mahayi, yana ɗora wa hannuwa wani kaso na nauyinsa, sau da yawa ma takalmin a maƙale yake da fedar. Mai juya feda sau 90 a minti ya lanƙwasa kowace gwiwa sau 5,400 a awa guda. Kuskuren santimita ɗaya ko biyu, in aka maimaita shi haka mako bayan mako, ciwo yake haifarwa. Sirdi in ya yi ƙasa, gaban gwiwa ke kuka. In ya yi sama, bayan gwiwa ya ɗaure, ƙugu ya riƙa rangaji. Kan keke in ya yi nisa, wuya da kwankwaso su biya bashin, yatsu su mutu. Daga nan sai a ɗora laifin a kan shekaru, a jingine keken a zaure ya sha ƙura.

Abin haushin shi ne, farkon awon ba sirri ba ne. Akwai lissafin da aka sani da sunan Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France a 1986 da 1989 da 1990: a auna ƙafa daga tsakanin cinyoyi zuwa ƙasa, a ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne tazarar saman sirdi daga tsakiyar inda ƙafafun feda ke juyawa. Mai santimita 84 zai sami kusan 74. Sai dai ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Lissafin bai san mai taurin baya ba, bai san wanda ƙafarsa ɗaya ta ɗara ɗaya ba. Shi ya sa ake buƙatar mai ido ya tsaya a gefe, mahayi na takawa, ya tabbatar gwiwa ta rage lanƙwasar digiri 25 zuwa 35 idan feda ta kai ƙasa, sannan ya duba zaman sirdi gaba da baya, da nisan kai.

Dillalai ma suna da nasu kason laifin. Wanda ya tura wa gajere firam mai lamba 58 don shi ne ya rage a shago ya san abin da ya yi, kuma babu awon da zai gyara wannan cinikin.

Kayan aikin kuwa ba su fi ƙarfin mai gyaran keke na unguwa ba: tef ɗin tela, zare mai nauyi a baki, ma'aunin kwana, da wayar da za ta ɗauki hoton mahayi yana takawa. Abin da ya hana shi koyo shi ne babu mai tambaya, balle mai biyan ladan awa biyun da aikin zai ci.