Ɗan ƙasa ne, amma ɗan wane gari?

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, wani abu ya tsaya min a rai. Abokina ya samu gurbin ƙaro karatu a waje, ya tashi yin fasfo. NIN da takardar haihuwa duk yana da su, sai aka nemi shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali. A nan Kudu aka haife shi, babansa ma haka, kakansa ne fataucin goro ya kawo daga Kano. Nan sun ce baƙo ne, can kuma dagaci ya ce bai san shi ba. Ga lokaci na ƙurewa.

Sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a Nijeriya bayan samun 'yanci, in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne, shi ma ɗan ƙasa ne. Ban ƙi a tantance ba, amma a ganina garin da aka haife ka, ka girma, shi ya kamata ya shaide ka.

Kafin a gyara, don Allah wannan hutun kowa ya leƙa gida ya karɓo tasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.