Ɗigo da Zare: Abin da Taswirar Hulɗa Ba Ta Gani a Damargu

Duk wanda ya saba leƙa rahotannin masana zamantakewa ya san hoton: ɗigo-ɗigo barbaje a kan takarda, siririn zare yana haɗa wannan da wancan, a tsakiya kuma ga wani ɗigo da aka kumbura aka shafa masa jan launi, wai shi ne jigon gari. Wannan shi ne nazarin saƙar hulɗa, wato dabarar da ke ɗaukar kowane mutum a matsayin ɗigo, kowace alaƙa a matsayin zare, sannan ta miƙa wa kwamfuta ta lissafa wa ya fi yawan zaruruwa, wa ke tsaye a kan gadar da ke tsakanin rukuni biyu, wa aka bari a gefe. Hoton yana ɗaukar ido, yana kuma sa mai kallo ya ji kamar ya san garin ciki da bai. Alhali kuwa ganin Dala ba shiga birni ba ne, kuma idan masu rabon agaji ko masu tsaro suka fara yanke hukunci a kan irin wannan hoto, to kuskurensa zai sauka ne a kan cikin wani ko wuyansa.

Dabarar ba ta yau ba ce. Jacob Moreno ya wallafa zanen farko-farko na irin wannan a Amurka a 1934. John Barnes ya yi amfani da kalmar saƙa a 1954 don bayyana zaman wani ƙauyen masunta a Norwe. Abin da masu yayinta na yanzu suka cika mantawa shi ne, a Afirka ta yi ƙarfi: almajiran makarantar Manchesta, irin su Clyde Mitchell, sun kaifafa ta ne a garuruwan haƙar tagulla na Zambiya, littafinsu ya fito a 1969. Waɗannan mutane sukan zauna wata da watanni, su koyi harshe, su ci tuwon gari, kafin su ja zare ɗaya. Lissafin ya zo daga baya: Mark Granovetter a 1973 ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa wa mutum ta bakin wanda suke sanin shanu da shi, ba ta bakin amini ba, Linton Freeman ya tsara ma'aunan zama cibiya a ƙarshen shekarun 1970, Ronald Burt a 1992 ya yi bayanin ribar wanda ke cike giɓi tsakanin rukunoni, mutumin da kowace kasuwar ƙasar Hausa ta daɗe da sa wa suna dillali. An riƙe lissafin, an yar da zaman.

A ɗauki Ollelewa, a cikin gundumar Tanut, arewa da Damagaram. Ƙasa ce ta gero da dabbobi inda Hausawa da Dagira da Buzaye da Fulani ke shan ruwan rijiya ɗaya, a cikinta kasuwar Bakin Birji take a kan hanyar Agadas, a cikinta kuma aka gina matatar man fetur ta SORAZ da ta soma aiki a 2011. A ce mai bincike ya sauka nan da takardar tambayoyi da kwana uku a hannunsa. Tambayar da dabarar ta ginu a kanta ita ce: ambaci mutum biyar da kake neman taimakonsu idan ka shiga matsi. A kunnen Bature tambaya ce mara laifi. A Damargu kuwa ta taka abu biyu da ba a takawa. Na farko kunya: matar aure ba ta furta sunan mijinta, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, suruki ba ya shiga baki haka kawai. Wato zaruruwan da suka fi kauri su ne waɗanda baki ya fi ƙin faɗa. Na biyu asiri. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ba a baje hanji a dandali. Magidancin da ya aro tiya goma ta gero da daddare don kada maƙwabci ya gani ba zai lissafa wa baƙo sunan wanda ya rufa masa asiri ba, ga yara sun kewaye tabarma, ga ɗan mai gari yana tafinta. Sunan da zai fito shi ne wanda ba a jin nauyin faɗa: mai gari, liman, babban ɗan kasuwa. Kwamfuta sai ta kumbura waɗannan, rahoto ya ce an gano jigogin gari, alhali ladabi kawai aka auna.

Kada a ce wannan matsalar ƙauye ce. Tun daga 1976 zuwa farkon shekarun 1980, Russell Bernard da Peter Killworth da abokin aikinsu Lee Sailer sun gwada abin a Amurka, inda suka kwatanta waɗanda mutane suka ce sun yi magana da su da waɗanda aka tabbatar sun yi maganar da su. Kusan rabin abin da aka faɗa bai dace da abin da ya faru ba. Wannan a inda babu kunyar suna ke nan.

Sai batun wanda aka tambaya. Takarda takan nemi mai gida, ta tsaya a zaure. Bayan zauren kuwa akwai wata saƙar da ba ta bi ta hannunsa. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna yadda hatsi mai yawa ke sauya hannu daga gida zuwa gida ta hannun mata, ba tare da ya ga kasuwa ba. Enid Schildkrout ta nuna a Kano a shekarun 1970 cewa yara masu talla da aike su ne ƙafafun wannan ciniki. A ƙara da biki, inda abin da mace ta kai wa ƙawarta ranar suna yake dawo mata da ƙari ranar nata, da adashi, da akuyar da aka ba 'yar'uwa kiwo. Ko inda kulle bai yi tsanani ba, kamar yawancin ƙauyukan Damargu da mata ke fita gona da rijiya, aljihun mace daban yake da na miji. Taswirar da ta haɗa mata huɗu da yara goma sha biyu ta mai da su ɗigo ɗaya mai sunan namiji ta goge rabin garin tun kafin a fara lissafi.

Mafi girman laifin yana jikin zaren kansa. A kan takarda duk zare ɗaya ne, iyaka a yi masa kauri ko a sa masa kibiya. A rayuwa kuwa, abin da ke tsakanin bara da ubangidansa daban, na abokan wasa daban, na malami da almajiri daban, kuma kowanne yana da abin da yake iya ɗauka da abin da ba ya ɗauka. Christopher Udry ya bi basussukan gidaje kusan 200 a ƙauyuka 4 kusa da Zariya a 1988 da 1989. Ya tarar kusan dukkan bashin tsakanin dangi da maƙwabta yake, ba takarda, ba jingina, kuma abin da ake biya yana sauyawa da halin da aka shiga: idan masifa ta faɗa wa mai karɓa sai ya biya ƙasa, idan ta faɗa wa mai bayarwa sai a biya shi sama. Wace kibiya ce za ta faɗi wannan? Haka habbanaye na Fulani, inda ake ba wanda garkensa ya ƙare aron saniya, ta haihu masa sau biyu ko uku, ya riƙe 'yan maruƙan ya mayar da uwar. Mai lissafi zai rubuta aro, ya zuba shi a layi ɗaya da aron galma. Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a 1962 da 1963, ya ga yadda fataken shanu daga arewa ke barin dukiyarsu bashi a hannun mahautan Yarabawa bisa lamunin mai masauki. Bai tsaya ga cewa wane yana haɗe da wane ba. Ya tambayi abin da ke hana cin amana, ya same shi a ikon sarkin unguwa, da tsoron zubewar suna, da ɗariƙar Tijjaniyya da ta haɗe mutanen unguwar a sahu ɗaya. Ba don ya yi wannan tambayar ba, da zanensa bai bayyana kome ba.

Akwai kuma iyaka da lokaci. Mai bincike yakan zagaye ƙauye da alƙalami ya ce nan saƙar ta tsaya, domin nan kuɗin bincikensa suka tsaya. Damargu ba ta taɓa zama haka ba. Stephen Baier, a tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar da ya wallafa a 1980, ya nuna cewa rumbun Azbin ce: geronta yana tafiya arewa, ayarin Kel Owe yana kai shi Bilma ya komo da gishiri da dabino, ya zarce Kano, kuma idan fari ya yi tsanani makiyaya sukan gangara kudu wurin mutanensu. Yau raƙumi ya ragu, amma ɗan da ke cin rani a Kano ko Agadas ko Libiya shi ne sau da yawa ke riƙe da gidan. Ba ya nan ranar tambaya, don haka ba shi da ɗigo. Taswirar da aka zana da kaka, rumbu cike, kowa na gida, ba ita ce ta bazara ba, lokacin da ake sanin wanda ke amsa sallama.

Masu cewa a watsar da dabarar gaba ɗaya don ta Turawa ce su ma sun yi sauƙin baki. Inda aka yi ta da haƙuri ta biya. Olivier Walther ya bi hulɗar manyan 'yan kasuwa 136 a Gaya da Malanbil da Kamba da Birnin Ƙonni da Illela, ya wallafa a 2015, ya nuna cewa iyakar ƙasa ta fi raba 'yan kasuwa a inda cinikin sabo ne kuma masu yin sa baƙi ne, fiye da inda ya samo asali tun kafin zuwan Turawa. Wannan sani ne da hira kaɗai ba za ta tabbatar ba. Amma a lura da sharaɗin: mutane ƙalilan, sanannu, alaƙa iri ɗaya, tambaya ƙuntatacciya. Jenny Aker ma ta auna cewa shigowar wayar salula kasuwannin hatsi na Nijar tsakanin 2001 da 2006 ta rage bambancin farashi da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Labari ya yi gudu ke nan. Sai dai a 2005, cikin waɗannan shekarun, gero yana kasuwa talakan Tanut yana kallonsa, domin zaren da ke kawo labarin farashi ba shi ne ke kawo kuɗin saye ba.

Ollelewa ta riga ta ɗanɗani abin da ke faruwa idan ma'aunin waje ya ci karo da saƙar gida. Tana cikin wuraren da cibiyar LASDEL ta Yamai, ƙarƙashin jagorancin Jean-Pierre Olivier de Sardan, ta yi nazarin rabon tsabar kuɗi na agaji wajen 2013. Abin da binciken ya gano a wuraren da ya shafa shi ne, zaɓen waɗanda za a ba yakan haifar da zargi, kuɗin da aka damƙa wa mace yakan koma hannun miji, a wasu ƙauyuka kuma da motar masu rabo ta juya sai a tattara kuɗin a sake raba wa kowa. Masu agaji na kiran wannan karkatarwa. Mutanen gari kuwa sun san cewa wanda ya ci shi kaɗai bana, shi kaɗai zai kwana da yunwarsa baɗi. Zama da sauraro ne suka gano wannan. Taswirar kwana uku da ta ɗora kuɗin a kan jan ɗigon nan, da sunan shi ne zai watsa alheri, ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi za ta yi, ta kuma ba shi hatimin kimiyya.

Na tsaro ya fi muni. Tun bayan harin Satumba 2001 hukumomin leƙen asiri suka rungumi dabarar, da irinta aka bi sawun Saddam Husaini har aka kama shi a Disamba 2003, kuma bayanan kiran waya sun sa zanen ya yi arha. A ƙauyen da waya ɗaya ke yi wa gida goma aiki, wanda zai fito a tsakiyar zanen shi ne mai cajin waya, ko direban da ke bin hanyar Agadas, ko dillalin raƙuma da sana'arsa ita ce sanin kowa. Ma'aunin zama cibiya ba ya rarrabe mai saro gero da mai safarar makamai. Adadin zare kawai yake gani.

Saboda haka, rahoton da ya zo da irin wannan hoto game da Ollelewa ko Belbeji ko wani gari na Damargu, a tambaye shi kafin a yaba launinsa: da wane harshe aka yi tambayar, wa ke zaune a wurin, a wane wata na shekara, mata nawa aka ji daga bakinsu, ina aka sa waɗanda suka tafi cin rani, kowane zare kuma mene ne sunansa da Hausa ko Tamashek ko Fulatanci. A tambaye shi kuma a hannun wa sunayen suke yanzu, domin mutanen da suka faɗe su a kan tabarma ba a gaya musu cewa za su tsallaka teku a cikin kwamfuta ba.