FILIN KIMIYYA: Hasken Da Ke Tona Asirin Roba

Masu iya magana sun ce, ba girin-girin ba, ta yi mai. Sau da yawa kayan roba kan fito daga masana'anta sumul, suna ƙyalli, alhali kuwa akwai kogo a cikinsu. In buta ce ko bokiti, asarar ba ta wuce 'yan kuɗi ba. Amma in mahaɗin bututun gas ne, ko sirinjin asibiti, ko wani sashe na mota, to, rai ake magana.

Dalilin kogon kuwa shi ne, narkakkiyar roba ake ɗurawa cikin mazubi. Bayanta ke fara sandarewa, sa'an nan cikin ya huce daga baya ya tsuke, sai ya bar rami inda kauri ya yi yawa. Haka kuma in ƙwayoyin robar sun sha laima, tururi kan bar kumfa a ciki.

Maganin wannan ya samo asali ne tun 1895, sa'ad da Wilhelm Röntgen, wani masani Bajamushe, ya gano hasken eksire, watau wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Hasken kan ratsa abu, inda ya tarar da kogo ya wuce da sauƙi, wurin ya fito baƙi a fim. Da yake roba ba ta tare shi kamar ƙarfe, sai an rage masa ƙarfi, in ba haka ba kogon ya ɓace.

Duk da haka, hoto ɗaya bai isa ba, gama siririyar tsaga ba ta bayyana sai ta daidaita da hanyar hasken. Saboda haka masana'antu suka ari dabarar Godfrey Hounsfield na Ingila, wadda aka fara gwadawa kan majinyaci a 1971. Akan juya abin a cikin akwati mai rufin darma, a ɗauki ɗaruruwan hotuna, kwamfuta ta harhaɗa su, a ga cikinsa ba tare da an yanka shi ba.

Lalle na'urar tana da tsada, kuma sai da lasisin hukuma, don hasken yana da illa ga jiki. Amma ya kamata masu masana'antu su tuna, gara a zubar da kaya a masana'anta da a yi makoki a gida.